Tarihin Binciken Yadda Sabbin Jinsunan Halittu Suke Fitowa

Kowane manomi ya san doki, ya san jaki, ya kuma san abin da yakan faru idan jaki ya hau goɗiya. Za a haifi alfadari, dabba mai ƙarfi da jimiri, amma shi alfadarin ba ya haihuwa. Jar akuya kuwa idan ta sadu da baƙin bunsuru, 'ya'yanta za su haihu, jikokinta ma haka. Watau tsakanin doki da jaki akwai wata katanga wadda ido ba ya gani, alhali kuwa babu ita tsakanin akuya da akuya. Halittun da suke cikin katanga ɗaya, suna haihuwa da juna, 'ya'yansu kuma suna haihuwa, su ne masana suke kira jinsi ɗaya. Bambancin da yake cikin jinsi ɗaya, kamar na jar akuyar Maraɗi da doguwar akuyar makiyayan Sahel, shi ake kira iri.

Masana sun rubuta sunayen jinsuna wajen miliyan 2, har yanzu kuma ba su gama ba. To, daga ina waɗannan katangu suka fito? Tun fil azal suke tsaye yadda suke, ko kuwa wata tana iya ginuwa a inda dā babu? Mutane sun yi fiye da shekara 250 suna bin sawun wannan tambaya, cikinsu da matafiya, da malaman makaranta, da ma'aikatan Ikkilisiya. Ga yadda labarin ya gudana.

Masu share fage

Carl Linnaeus, ɗan wani fasto ne a ƙasar Suwidin. A shekarar 1735 ya fara buga littafin da ya jera halittu daki-daki, daga baya kuma ya kafa al'adar ba kowane jinsi suna biyu, wadda ake bi har wa yau. Da farko ya ɗauka cewa adadin jinsuna bai taɓa ƙaruwa ba tun ranar halitta. Amma a 1742 wani ɗalibi ya tsinko wani ɗan tsiro wanda saiwarsa da ganyensa duk na wata sananniyar ciyawa ne, sai dai furensa yana da ƙaho biyar a maimakon ɗaya. Abin ya ɗaure wa Linnaeus kai. Kafin ƙarshen ransa ya sassauta ra'ayinsa, ya yarda cewa sabbin jinsunan tsire-tsire suna iya fitowa ta wurin haɗuwar tsofaffi.

A 1809 wani Bafaranshe mai suna Lamarck ya fito fili ya ce halittu suna sākewa da tafiyar zamani. Bayaninsa shi ne, abin da dabba ta saba yi da jikinta yana bin jini zuwa ga 'ya'yanta: raƙumin dawa ya yi ta miƙa wuya don ya kai ga ganye, sai 'ya'yansa suka gaji dogon wuya. Lamarck ya yi daidai da ya ce ana sākewa, amma ya kuskure hanya. Wanzamai sun yi wa yara tsaga tun kaka da kakanni, duk da haka ba a taɓa haifar jariri da tsagar gidansu a kumatu ba.

Darwin da Wallace

An haifi Charles Darwin a Ingila a 1809. Ya fara koyon aikin likita ya bari, sa'an nan ya tafi Kambirij da niyyar zama limamin coci. Yana da shekara 22, a watan Disamba 1831, ya shiga jirgin ruwan gwamnati mai suna Beagle wanda aka aika auna gaɓar Amurka ta Kudu. Tafiyar ta ci kusan shekara biyar. A watan Satumba 1835 jirgin ya isa tsibiran Galapagos, masu nisan kilomita wajen 1,000 daga gaɓar ƙasar Ekwado, ya yi mako biyar a can. Wani jami'in tsibiran ya gaya wa Darwin cewa da ganin ƙoƙon bayan kunkuru zai iya faɗin tsibirin da ya fito. Darwin ya ji maganar amma bai ba ta muhimmanci ba. Ya harbo waɗansu ƙananan tsuntsaye masu kama da gwara, waɗanda Turawa suke kira finci, bai ma rubuta tsibirin da ya samo kowannensu ba, gama ya zaci dangi dabam-dabam ne.

Sai da ya koma gida, a farkon 1837, wani masanin tsuntsaye mai suna John Gould ya duba su ya ce duk 'yan gida ɗaya ne, jinsuna fiye da goma waɗanda ba a san su a ko'ina ba. Wani bakinsa kakkaura ne na fasa ƙwaya, wani siriri ne na tsintar ƙwari. Nan Darwin ya fara tunani: ashe ko kakansu ɗaya ne, wanda iska ta jefo daga babban yanki, zuriyarsa ta watsu cikin tsibirai ta rarrabu?

A 1838 ya karanta littafin wani limamin cocin Ingila, Thomas Malthus, wanda ya nuna cewa haihuwa tana saurin fin abinci yawa. Daga nan Darwin ya haɗa abu uku. Na ɗaya, 'ya'yan uwa ɗaya ba sa zama daidai da juna. Na biyu, ana haifar fiye da waɗanda ƙasa za ta iya ciyarwa, mafi yawa suna mutuwa kafin su haihu. Na uku, wanda ɗan bambancinsa ya taimake shi ya rayu, shi zai bar zuriya, zuriyar kuma za ta gaji bambancin. Manomi yana yin irin wannan aiki kowace kaka sa'ad da yake ware zangarniya mafi cika ya ajiye don iri. Darwin ya ce fari da yunwa da cuta da maƙiya su ma suna yin wannan tankaɗe da rairaya, ba tare da sun yi niyya ba, idan kuma zamani ya yi tsawo sai iri ya zama jinsi.

Shekara ashirin yana riƙe da maganar bai buga ba. Ya kiwata tantabaru, ya yi ta wasiƙa da masu kiwo da masu lambu yana tara shaida. A watan Yuni 1858 sai ga wasiƙa daga tsibirin Tarnate, a ƙasar da yau ake kira Indunusiya. Wanda ya rubuto ta, Alfred Russel Wallace, talaka ne mai neman abinci da tara tsuntsaye da ƙwari yana sayar wa gidajen adana kayan tarihi. Yana kwance da zazzaɓi wannan tunani ya zo masa, daidai da na Darwin. Aka karanta takardun mutanen biyu tare a gaban taron masana a Landan ran 1 ga Yuli 1858. Ran 24 ga Nuwamba 1859 littafin Darwin a kan asalin jinsuna ya fito, kwafi 1,250 a bugun farko.

Sai dai akwai babban giɓi a cikin bayanin. Darwin bai san yadda gado yake tafiya ba. A zamaninsa an ɗauka halin uba da na uwa suna garwayuwa kamar ruwa da nono. A 1867 wani injiniya mai suna Fleeming Jenkin ya ce in haka ne, kowane sabon hali mai amfani zai tsarke ya ɓace cikin 'yan tsararraki, kamar ludayin nono da aka zuba a randa. Darwin ya rasu a 1882 bai sami gamsasshiyar amsa ba.

Fada mai lambun wake

Ashe amsar tana nan a rubuce tun Darwin yana da rai. Gregor Mendel ɗan manomi ne, an haife shi a 1822. Ya shiga gidan 'yan zuhudu na Waliyyi Agustin a birnin Barno, wanda yanzu yake cikin ƙasar Cek, aka naɗa shi firist a 1847. Daga 1856 zuwa 1863 ya shuka waken Turawa, watau fis, tushe wajen 28,000 a lambun gidan. Da hannunsa yake ɗaukar bununin wannan fure ya sa wa wancan, ya ɗaure, ya jira, ya ƙirga.

Da ya haɗa dogon iri da gajere, 'ya'yan duka suka fito dogaye, babu matsakaici ko ɗaya. Da ya bar waɗannan suka haihu, sai ya sami dogaye 787 da gajeru 277, watau kusan uku bisa ɗaya. Ya gwada halaye bakwai, lissafin bai sāke ba. Gajartar ba ta narke ba, ɓuya ta yi tsara ɗaya ta sake fitowa yadda take. Mendel ya gane cewa gado yana tafiya ne cikin ƙwayoyi, kowane ɗa yana karɓar ɗaya daga uba ɗaya daga uwa, wata tana rufe wata amma ba ta shafe ta. Wannan lissafi ne yake aiki a gidan da miji da mata lafiyayyu suke ɗauke da ƙwayar sikila: a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya bisa huɗu a haifi yaro mai ciwon.

Mendel ya karanta sakamakonsa a gaban wata ƙaramar ƙungiya a 1865, aka buga a 1866, ba wanda ya kula. A 1868 aka zaɓe shi shugaban gidan zuhudun, aikin mulki ya cinye lokacinsa, ya rasu a 1884. Sai a 1900 masana uku, kowa a ƙasarsa, suka sake gano abin da ya gano, suka tarar wani fada ya riga su da shekara 34.

Saura tambaya ɗaya: in ƙwayoyin gado ba sa narkewa, daga ina sababbi suke zuwa? A 1910 Thomas Morgan a birnin Niyok yana kiwon ƙananan ƙudajen da suke bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, masu jan ido, sai ya ga namiji ɗaya mai farin ido, zuriyarsa kuma ta gaji farin idon bisa ga lissafin Mendel. Hausawa sukan ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Daga baya, bayan an gano siffar sinadarin gado da ake kira DNA a 1953, aka fahimci dalili: duk sa'ad da jiki yake kwafe saƙon gado don ya miƙa wa ɗa, akan sami ɗan kuskure jefi-jefi, kamar yadda mai kwafe littafi da hannu yakan sauya harafi. Yawancin kurakuran ba sa yin kome, waɗansu suna cutarwa, kaɗan kuma suna da amfani.

Yadda katanga take ginuwa

Tsakanin 1930 da 1942 aka ɗinke aikin Darwin da na Mendel wuri ɗaya. Biyu daga cikin waɗanda suka yi ɗinkin su ne Theodosius Dobzhansky, haifaffen Yukiren, wanda littafinsa ya fito a 1937, da Ernst Mayr, Bajamushe, wanda nasa ya fito a 1942. Mayr ya yi aiki a duwatsun Niyu Gini yana saurayi, ya tarar mafarautan wurin suna da sunaye fiye da 130 na tsuntsaye, kusan daidai da adadin jinsunan da shi ya ƙirga. Wannan ya tabbatar masa cewa jinsi abu ne na gaske, ba ƙirƙirar masu littafi ba.

Mutanen nan biyu suka nuna cewa sākewa kaɗai ba ta isa ta haifar da sabon jinsi ba, sai an sami rabuwa. Kogi ko teku ko hamada ya raba al'umma ɗaya gida biyu. Kowane ɓangare yana tara nasa kurakuran kwafi, kowanne kuma yanayinsa yana tankaɗe shi ta wata fuska. Bayan tsararraki masu yawa, ko sun sake haɗuwa ba sa gane juna da kuka ko launi ko lokacin barbara, in kuma sun haɗu ɗan ba ya haihuwa. Haka ya faru da doki da jaki. Ƙwayoyin gado a jere suke bisa waɗansu zarurruka da masana suke kira kuromosom. Doki yana da 64, jaki 62, alfadari ya tashi da 63 waɗanda ba sa jeruwa biyu-biyu yadda ya kamata, shi ya sa ba ya haihuwa.

Mayr ya nace cewa kusan kullum sai da rabuwar wuri. Wani ɗan tafki a Kamaru ya nuna cewa akwai wata hanya. Barombi Mbo, kusa da garin Kumba, tsohon bakin dutse mai aman wuta ne da ruwa ya cika, faɗinsa wajen kilomita biyu da rabi, zurfinsa ya wuce mita 100. A cikinsa akwai jinsuna 11 na dangin karfasa waɗanda babu su a ko'ina cikin duniya. Wani yana cin soson ruwa, wani yana nutsawa can ƙasa inda iskar shaƙa ta yi ƙaranci. A 1994 masana a Jamus suka auna gadonsu suka ga 'yan'uwan juna ne na kusa, alamar cewa a cikin tafkin suka rarrabu, ko da yake binciken baya ya nuna jinin kifayen kogi ya ɗan riƙa shiga. A nan bambancin abinci da wurin zama ne ya taimaka wajen raba su.

Tsire-tsire kuma suna da gajeriyar hanya. Gyaɗa, wadda asalinta Amurka ta Kudu ne, tana da zaren gado 40. Shekaru dubbai da suka wuce waɗansu ciyayin daji biyu masu 20 kowanne suka haɗu, zarurrukan ɗan suka ninku, sai ya zama yana haihuwa da kansa amma ya rabu da iyayensa. Alkamar burodi mai 42 ita ma ta irin wannan hanya ta fito. Ashe Linnaeus bai yi nisa da gaskiya ba.

Akwai kuma inda katangar ba ta ƙarasa ba. Kakannin manoman Sahel ne suka mai da ciyawar daji ta zama gero, an kuma sami tsofaffin ƙwayoyinsa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, na wajen shekara 2500 kafin haihuwar Almasihu. Geron daji yana zubar da ƙwayarsa da ya nuna, na gida yana riƙe ta har a girbe. Amma har yanzu iska tana kai bununin wannan ga wancan, kuma shibrar da take fitowa a gona, mai kakkaɓe ƙwaya da wuri, shaida ce cewa dangantakar ba ta yanke ba. Zaɓen iri da manomi yake yi kowace shekara shi yake riƙe da gero a matsayin gero.

Shekara arba'in a kan dutse ɗaya

Darwin ya zaci sākewar halittu tana da jinkirin da ran mutum ɗaya ba zai isa ya gan ta ba. Waɗansu miji da mata 'yan Ingila, Peter da Rosemary Grant, suka gwada. Daga 1973 suka riƙa zuwa wani ɗan tsibirin Galapagos mai suna Dafni Babba kowace shekara, har shekara 40. Dutse ne tsagwaro, ba rijiya, ba inuwar kirki, bai kai rabin murabba'in kilomita ba. Suka kama kusan kowane finci, suka auna bakinsa da nauyinsa, suka sa masa zobe a ƙafa, suka san uban kowa da uwarsa.

A 1977 aka yi fari, ruwan da ya sauka duk shekara milimita 24 ne kacal. Ƙananan ƙwayoyi masu taushi suka ƙare, saura masu tauri, musamman na wata ciyawa mai ƙaya 'yar'uwar tsidau. Cikin matsakaitan finci wajen 1,200, waɗanda suka tsira ba su kai 200 ba, mafi yawansu kuwa masu kakkauran baki ne da suka iya fasa ƙwayar. 'Ya'yan da aka ƙyanƙyashe bayan farin, bakinsu ya fi na tsarar da ta gabata kauri da wajen kashi 4 cikin 100. Sa'an nan daga ƙarshen 1982 zuwa 1983 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, fiye da milimita 1,300. Ciyayi masu ƙananan ƙwayoyi suka rufe tsibirin, a shekarun da suka biyo baya kuma masu ƙaramin baki suka fi rayuwa. Tankaɗen ba shi da alƙibla ɗaya, yana bin yadda shekara ta zo.

Abin da ya fi wannan ban mamaki ya fara a 1981, sa'ad da wani baƙon namiji ya sauka a tsibirin. Ya fi 'yan gida girma, kukansa kuma dabam. Ya sami mace cikin matsakaitan finci suka yi 'ya'ya. A wurin waɗannan tsuntsaye ɗa yana koyon kuka daga ubansa, mace kuma takan zaɓi mai kuka da baki irin na gidansu. Saboda haka matan tsibirin suka ƙi 'ya'yan baƙon, su kuma suka koma auren junansu. Wani fari da aka yi a farkon shekarun 2000 ya kashe su saura wa da ƙanwa, daga su biyun zuriyar ta sake tashi har ta kai wajen 30. A 2017 aka buga sakamakon auna gadonsu: baƙon ya fito ne daga tsibirin Esfanyola, mai nisan fiye da kilomita 100, zuriyarsa kuma ta ware daga maƙwabta cikin tsara uku kawai. Masana ba su yi gaggawar raɗa mata sunan jinsi ba, gama 'yar ƙaramar al'umma irin wannan fari ɗaya yana iya share ta. Duk da haka an ga harsashin katanga yana tashi a gaban masu riƙe da alƙalami.

Sabon abu daga tsohon kaya

Kaurin baki ƙari ne a kan abin da yake akwai. To, yaya abin da babu shi sam, kamar fiffike, yake samuwa? A 1977 wani masani Bafaranshe, François Jacob, ya ce halittu ba sa samun sabon abu yadda injiniya yake zana inji daga farko, sun fi kama da mai gyare-gyare da abin da ya tsinta. Mai karatu ya san maƙerin da yake mai da gwangwanin madara fitilar aci-balbal, da baduku mai yanka takalmi daga tsohuwar taya.

Duwatsu sun ba da shaida. A 1861 aka tono a Jamus ƙasusuwan wata halitta mai gashin tsuntsu, amma da doguwar jela mai ƙashi da farata a fukafukai. A 1996 aka tono a lardin Liyawonin na ƙasar Sin wani ƙaramin dainoso, dangin manyan dabbobin nan da aka sami ƙasusuwansu a Gadufawa cikin hamadar Nijar, jikinsa lulluɓe da gashi mai laushi, alhali ba shi da fiffiken tashi. Watau gashin tsuntsu ya riga tashi sama. Ya fara ne da wani aiki, na ɗumama jiki ko na ado, daga baya ya shiga aikin tashi.

An ga irin wannan a ɗakin bincike ma. A watan Fabrairu 1988 Richard Lenski a Amurka ya zuba ƙwayoyin bakteriya iri ɗaya cikin kwalabe 12, yana ba su ɗan sukari kowace rana. Cikin ruwan akwai wani sinadari irin na lemun tsami wanda wannan jinsi ba ya iya ci idan akwai iska. A 2003, bayan tsara wajen 33,000, kwalba ɗaya ta yi gurɓi saboda yawan ƙwayoyi: sun fara cin sinadarin. Da yake Lenski yana daskarar da samfuri kowace tsara 500, sai aka koma baya aka bi sawu. Aka tarar wata tsohuwar ƙwayar gado ce aka kwafe sau biyu bisa kuskure, kwafin ya faɗa kusa da wani makunni da yake tashe shi a lokacin da dā yake barci. Waɗansu ƙananan sauye-sauye da suka riga faruwa ne suka share masa hanya, waɗansu kuma suka ƙarfafa shi daga baya.

Ikkilisiya da wannan bincike

Tun 1859 Kiristoci ba su yi baki ɗaya a kan maganar ba. Bishop Samuel Wilberforce ya yi gāba da ita a wata muhawara a Okasfod a 1860. Amma Charles Kingsley, limamin cocin Ingila, ya rubuta wa Darwin wasiƙar yabo, Asa Gray kuma, masanin tsire-tsire mai riƙo da bangaskiya, shi ya fi kowa kāre littafin a Amurka. Frederick Temple, wanda ya karɓi koyarwar a laccocinsa na 1884, ya zama Babban Bishop na Kantabari a 1896. A 1950 Paparoma Pius na 12 ya yarda a yi bincike a kan asalin jikin mutum, muddin an riƙe cewa ruhu daga Allah yake kai tsaye, a 1996 kuma Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya ce shaidun da aka tara sun ɗaga koyarwar sama da matsayin zato. Har wa yau akwai ikkilisiyoyi da yawa da suke karanta kwanakin halitta a matsayin kwanaki shida na sa'a 24, ba su kuwa karɓi tsawon zamanin da masana suke lissafawa ba. Abin da ma'auni da madubin likita suke iya nunawa shi ne yadda abu yake faruwa. Wanda ya kafa tsarin, da dalilin da ya sa, tambaya ce da awon bakin tsuntsu bai taɓa amsawa ba.

Wajibi ne kuma a faɗi cewa a zamanin mulkin mallaka waɗansu Turawa sun fake da sunan Darwin suna cewa wata kabila ta fi wata daraja a halitta. Ma'aunin katanga da kansa ya ƙaryata su. Baƙi da fari da ja suna aure suna haihuwa, jikokinsu suna haihuwa, binciken gado kuma ya nuna dukan 'yan Adam jinsi ɗaya ne, tushensu kuwa a Afirka yake.

Katangar da take tashi a bayan gida

Ba sai an je Galapagos ba. Sauron da ya fi yaɗa zazzaɓin cizon sauro a Afirka an raɗa masa suna a 1902, aka ɗauka jinsi ɗaya ne. A shekarun 1960 George Davidson a Landan ya haɗa sauron wurare dabam-dabam, sai ya ga waɗansu haɗe-haɗen suna ba da maza marasa haihuwa, kamar alfadari. Ashe jinsuna da dama ne masu kama ɗaya. Daga baya Mario Coluzzi na Italiya da abokan aikinsa a Mali suka gano cewa ɗaya daga cikinsu ma yana kan rabuwa biyu. Ɗaya yana ƙyanƙyasa a kududdufan da ruwan sama ya bari, ɗayan ya fi son ruwa mai daɗewa kamar na fadamun shinkafa, don haka yana kaiwa cikin rani. Mazansu suna taruwa da magariba a wurare dabam, ba safai suke barbara da juna ba. A 2013 aka ba na biyun sunan kansa, don tunawa da Coluzzi.

Amma katangar tana da kafa. A Mali, wajen 2006, lokacin da gidan sauro mai magani ya fara yawaita, wata ƙwayar gado mai sa jure maganin ta tsallaka daga ɗaya zuwa ɗayan ta wurin 'yan ƙalilan da suka haɗu, ta bazu cikin 'yan shekaru. Irin wannan tankaɗe ne ya kashe ƙarfin kulorokwin: ƙwayar zazzaɓi mai jure shi ta bayyana a Asiya da Amurka ta Kudu a ƙarshen shekarun 1950, ta iso Afirka ta Gabas a 1978, ta kai Afirka ta Yamma cikin shekarun 1980, har aka sauya magani.

Saboda haka sa'ad da ma'aikacin asibiti ya ce a shanye magani har ƙarshe ko da jiki ya yi sauƙi, ko aka kawo sabon gidan sauro mai magani biyu a maimakon ɗaya, ko malamin gona ya ce kada a yi ta fesa magani iri ɗaya shekara da shekaru, dalilin yana cikin wannan tarihi. Duk abin da aka kashe saura kaɗan, waɗanda suka saura su ne iri na baɗi.